Barcin Ido Biyu

Gardamar ta tashi ne a kan wani ɗan bidiyo na minti uku. Ƙanena ma'aikacin jinya ne, ya zo gida Jangeru duba tsohuwa, muna zaune a zaure bayan la'asar sai ya miƙo mini wayarsa. Wata mata ce kwance a ɗakin tiyata a ƙasar Beljiyam, likita na yanka mata wuya zai cire maƙoƙo, idanunta a lumshe, wata likitar kuma na zaune daf da kanta tana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jinjiri. Ba a sa matar barcin tiyata ba. Malaminmu, wanda ya biya mana Ahalari da Ishmawi muna yara, yana gefe yana jan carbi. Ya karɓi wayar ya kalla har ƙarshe, ya mayar, ya ce, “Wanga aikin aljannu na.” Ƙanena ya ce, “Allah gafarta Malam, ilimi ne, a jami'a ake koyar da shi.” Malam ya ce, “To, sihiri ma ai koyon shi akai.”

Turawa suna kiran abin hifnosis, kalmar da suka aro daga sunan barci a Girkanci. Larabawa suka ce tanwimul magnaɗisi, wato sa mutum barci da maganaɗisu. Sunayen biyu duk sun yi wa abin ƙarya, domin babu barci a ciki, babu kuma maganaɗisu. In aka jona wa mutum na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa yana cikin wannan hali, zanen da take fitarwa na wanda ke farke ne. Yana jin abin da ake faɗa, yana iya amsawa, in ya ga dama ya buɗe ido ya tashi ya yi tafiyarsa. Shi ya sa ni nake ce masa barcin ido biyu.

Yadda ake yin sa ba ɓoyayye ba ne. Za a ce wa mutum ya kishingiɗa, ya kafa ido a wuri guda ko ya riƙa bin numfashinsa, ya saki gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya. Mai yin yana ta magana a hankali, da murya ɗaya, har hankalin mutum ya tattaru ya daina kula da hayaniyar gefe. A nan ne ake jefa masa magana: hannunka ya yi sanyi kamar ka tsoma shi cikin randa da asubar hunturu, zogin nan rediyo ne, ga abin rage murya a hannunka, murɗa shi ƙasa. Wasu sukan ji hakan ya faru da gaske, kuma su ji kamar abin ne ya yi kansa. Masana har yau suna jayayya a tsakaninsu, wasu na cewa wani yanayi ne na daban da ƙwaƙwalwa ke shiga, wasu na cewa yarda ce da sa rai da bin umarni kawai. Dukkansu dai babu mai maganar aljani.

Duk wanda ya tashi a karkara ya taɓa ganin ɗan'uwan wannan hali. Ranar gayya, in makaɗin gangar noma ya kama kirarin wani saurayi, sai ka ga ya duƙa ya kama kunya ba ya ɗagowa, garma ta sare shi a ƙafa bai sani ba, sai wurin wanka da yamma ya ga jini ya bushe. Ɗan Fulani a filin sharo yakan ɗaga madubi ya kafa wa fuskarsa ido, abokin karawarsa na zuba masa tsabga a haƙarƙari, ko gezau. Ba na cewa sharo hifnosis ne. Ƙofar da ake bi dai ɗaya ce: hankali in ya cika da abu guda, ciwo yakan rasa wurin zama.

Amma hancin Malam bai yi ƙarya ba da ya jiyo ƙanshin bokanci, domin da siddabaru aka fara abin. Wani likita Bajamushe, Franz Anton Mesmer, ya sauka Faris a 1778 yana da'awar cewa akwai wani ruwa marar ganuwa da ke gudana a jikin duk mai rai, shi kuma ya iya sarrafa shi. Yakan tara marasa lafiya kewaye da wani ƙaton baho mai sandunan ƙarfe, ana kiɗa, yana zagayawa cikin doguwar riga, mutane na faɗuwa suna shure-shure. Wanda ya taɓa leƙa wasan bori ba zai ga baƙon abu ba a nan. A 1784 Sarkin Faransa Louis na 16 ya naɗa kwamitin masana, ciki har da Benjamin Franklin, jakadan Amurka a lokacin, da masanin sinadarai Lavoisier. Dabararsu mai sauƙi ce: suka riƙa ɗaure wa mutane ido. An kai wani yaro ɗan shekara 12 cikin lambu inda aka riga aka “zuba” wa bishiya ɗaya wannan ruwa. Yaron ya bi yana rungumar bishiyoyin da ba a taɓa ba, ya sume bai ma kai ga ta ainihin ba. Kwamitin ya yanke cewa ruwan babu shi, zato ne kawai ke aiki.

To, zaton da zai kayar da yaro ƙasa sumamme ai ba abin rainawa ba ne, kuma a kan wannan ƙanena ya kafa hujjarsa. A 1841 wani likitan tiyata a Manchesta, James Braid, ya je kallon wani mai irin wannan wasa da niyyar tona masa asiri, sai ya dawo da yaƙinin cewa akwai abu na gaske a ciki, amma a cikin kan wanda ake yi wa yake, babu wani iko da ke fita daga hannun mai yi. Littafinsa na 1843 shi ya yaɗa sunan da ake kiran abin da shi a yau. Daga 1845 kuma wani likitan, James Esdaile, a asibitin Hugli kusa da Kalkata a Indiya, ya riƙa yanke ƙafa yana cire ƙatuwar gwaiwar da tundurmi ke haddasawa da wannan dabara kaɗai, manyan ayyuka sama da ɗari biyu, a zamanin da ake danne mutum ana yanka shi yana kururuwa. Sai ga maganin sa barci na shaƙa ya bayyana a Boston a 1846, wani irinsa a Edinbara a 1847. Su suna kama kowa, cikin mintuna, ba sai an ɓata awanni ana lallashi ba. Nan aka jingine hifnosis a ɗakin tiyata, ya fi yawa a hannun masu wasan dandali, a 1955 kuma ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da shi a matsayin kayan aikin likita.

Bidiyon da muka kalla irin aikin da aka fara ne a asibitin jami'ar Liyej tun 1992, ƙarƙashin wata likitar sa barci, Marie-Elisabeth Faymonville, kuma an yi wa dubban mutane tiyata a haka. Na yaba wa ƙanena da bai ɓoye wa Malam sauran labarin ba: ana yi wa wurin yankan allurar kashe zafi, ana kuma ba da ɗan maganin kwantar da hankali. Abin da maganar ke maye gurbinsa shi ne babban barcin nan da ake sa wa mutum bututu a maƙogwaro, ya farka yana amai. A 2000 mujallar likitoci ta Lancet ta buga gwajin da Elvira Lang ta jagoranta a Amurka kan mutum 241 da ake zura musu siririn bututu a jijiya ko a ƙoda: waɗanda aka yi wa hifnosis sun nemi magani kaɗan, zoginsu bai yi ta hauhawa kamar na sauran ba, aikin kuma ya fi saurin ƙarewa. A 2007 a birnin New York an raba mata 200 da za a yi wa tiyatar mama gida biyu, aka zauna da kashi ɗaya minti 15 kacal kafin a shiga da su. Sun fito da ƙarancin zogi da tashin zuciya da kasala, asibitin kuma ya rage kashe kimanin dala 770 a kan kowace mace, galibi saboda an rage zama a ɗakin tiyata.

Gwajin da ya fi kama mini hankali shi ne na Pierre Rainville da abokan aikinsa a Montiriyal a 1997. An sa mutane sun tsoma hannu cikin ruwan zafi ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Wani lokaci a ce musu zafin zai dame su ƙwarai, wani lokaci a ce ba zai dame su ba, ruwan kuwa bai canja ba. Sashen ƙwaƙwalwa mai gane inda zafi yake ya ci gaba da aikinsa yadda yake, amma sashen da ke mayar da zafi azaba ya riƙa hawa da sauka yana bin maganar. Ashe ciwo hawa biyu ne, akwai jin sa, akwai kuma damuwa da shi, kuma na biyun yana jin magana. Masu ɗori na gargajiya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke jan mutum da hira kafin su ja ƙashin. Haka kuma a Manchesta, tun 1984, Peter Whorwell ya nuna amfanin dabarar ga masu murɗawar ciki da kumburi da gudawar da awo ba ya gano musu dalili, har hukumar tsara magani ta Ingila ta sa ta a 2008 cikin abin da za a gwada wa wanda ya shekara yana shan magani bai ji sauƙi ba.

“Yaya, duba inda muke,” in ji ƙanena. Da hunturu yara na faɗawa wutar jin ɗumi, tukunyar ruwan wankan jego na kifewa kan masu rarrafe, ga masu raunin harsashi da ake kawowa daga ƙauyuka. Wankin ƙuna kullum ne, kuma duk wanda ya taɓa jin kukan yaro ana ɓare masa bandeji ba ya mantawa. Maganin zogi mai ƙarfi na asibiti yana da wuyar samu a karkara, wanda ke da sauƙin samu a kasuwa kuwa tiramol ne, kuma mun ga abin da shi da kodin suka yi wa samarinmu tun kafin gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. A Siyatil ta Amurka an daɗe ana amfani da hifnosis wurin wankin ƙuna. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma kai marar lafiya daga Shinkafi zuwa asibitin Kware a Sakkwato tafiya ce da ake yi da rai a hannu. Ga kuma wani magani da ba ya buƙatar firji, ba ya jiran wutar lantarki, ba wanda zai tare hanya ya ƙwace shi, in an koya wa mutum kuma yana iya yi wa kansa a ɗakinsa.

Malam bai katse shi ba. Da ya gama sai ya kawo fatawar kwamitin manyan malaman Saudiyya na dindindin, zamanin Shaihu Ibn Baz, wadda ta ce tanwimul magnaɗisi wani nau'in duba ne da ake haɗa kai da aljani a ɗora shi kan wanda aka kwantar, ya riƙa ba da labarin abin da ke ɓoye, don haka haramun ne. Fatawar tana nan, kuma ɗalibai da yawa a ƙasar Hausa da ita suke aiki. Sai dai in ka duba abin da ta siffanta, aikin masu gano ɓarawo ne da kayan da suka ɓata, waɗanda ke kwantar da mutum su tambaye shi gaibu. Wannan kam ko ƙanena bai yi musun haramcinsa ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke ce wa yaro ya ɗauka hannunsa na cikin ruwan sanyi ba ta kira kowa ba, ba ta yanka komai ba, ba ta tambayi gaibu ba, kalmominta kuma kowa na iya ji ya rubuta. Akwai malaman wannan zamani da suka raba tsakanin biyun bayan sun ji bayanin likitoci. Sunan Larabcin ne ya haɗa su a buhu ɗaya.

Hujjar Malam ta biyu ta fi ta farko nauyi. Ya ce hankali amana ce, da shi aka ɗora wa mutum salla da azumi, ta yaya za ka kwance shi ka miƙa wa wani? Kuma wa zai zauna da matar wani a ɗaki, idonta a rufe, yana yi mata raɗa? Ƙanena ya ce bincike ya nuna ba a iya sa mutum ya aikata abin da zuciyarsa ta ƙi. A ɗakin gwaji haka ne. Amma macuci ba ya buƙatar wani iko na musamman in ya samu yarda da rufaffiyar ƙofa. A 2016 kotu a jihar Ohayo ta Amurka ta ɗaure wani lauya shekara 12 saboda yana kwantar da matan da suka kawo masa shari'arsu da sunan rage musu damuwa, yana lalata da su. Mu da muke jin labarin abin da wasu masu ba da taimako ke yi da matan da suka je neman haihuwa ko mallakar miji ba ma buƙatar a je da mu Ohayo.

Sannan wa zai tantance mai yi? A Birtaniya akwai doka tun 1952 kan wasan hifnosis a dandali, amma har yau kowa na iya buɗe ɗaki ya kira kansa mai warkarwa da shi. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Steve Eichel, don ya nuna ruɓewar harkar, ya cike fom ya biya kuɗi ya karɓo wa kyanwarsa takardun shaidar ƙwarewa daga ƙungiyoyi da dama. To ina ga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, inda mai lasifika ɗaya ke warkar da basir da shawara da sanyin mara da kwalba guda? Ranar da kalmar ta shigo gari, washegari za ka gan ta a allon wani.

Akwai kuma iyakokin da masu tallar abin ba sa son faɗa. Tun ma'aunin da aka tsara a jami'ar Stanford a 1959 aka san cewa mutum 10 zuwa 15 cikin ɗari ne abin ke kamawa sosai, kusan irin wannan adadi kuma ko an kwana ana yi musu magana ba sa jin komai, sauran suna tsakiya. An fi tallata shi da raba mutum da taba, amma da masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a 2019 ba su ga hujjar cewa ya fi sauran hanyoyi ba. Ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba ya tsayar da farfaɗiya, wanda kuma ke jin muryoyi ko ganin abin da babu, yana iya ƙara rikita shi. Wani zogin ma ɗan aike ne, kashe shi ganganci ne. Ƙanena ya ambaci naƙuda cikin wuraren da dabarar za ta yi amfani, ni kuwa a nan na ja baya. 'Yar Bahaushe tun tana ƙarama ake koya mata cewa kuka a haihuwar fari abin kunya ne. Takan kwana biyu a durƙushe tana cije leɓe, kan ɗa ya tokare, kafin a nemi mota. Asibitin Babbar Ruga a Katsina cike yake da matan da irin wannan dauriya ta bar su da yoyon fitsari. Ƙara wa wannan yarinya dabarar daurewa, ba ungozomar asibiti a kanta mai duba ko ɗan na saukowa, cuta ce.

Abin da ya fi tsorata ni kuwa, ba Malam ba ƙanena babu wanda ya kawo shi. Mutane da yawa sun ɗauka ƙwaƙwalwa kamar kaset ce, in an kwantar da mutum sai a mayar da ita baya a saurari abin da ya wuce. Labarin da ya ƙarfafa wannan zato ya faru a Kalifoniya a 1976, inda aka sace motar makaranta da yara 26, bayan sun kuɓuta aka yi wa direban hifnosis ya tuno kusan duk lambar motar ɓarayin. Amma a 1983 wasu masana biyu a Montiriyal, Jean-Roch Laurence da Campbell Perry, suka ɗauki mutum 27 da abin ke kamawa sosai, suka mayar da su wani dare na makon da ya gabata wanda kowannensu ya riga ya ce ya yi barci lafiya, suka tambaye su ko sun ji wata ƙara mai ƙarfi da ta tashe su. Bayan an gama, 13 daga cikinsu suka ce lallai an yi ƙarar a daren, wasu ma ko da aka gaya musu cewa dasa musu aka yi ba su janye ba. Hifnosis yana ƙara wa mutum yaƙini, ba ya ƙara masa gaskiya. A shekarun 1980 da 1990 gidaje da yawa sun watse a Amurka saboda “tunowa” irin wannan; a jihar Wiskonsin an biya wata mata dala miliyan 2.4 a 1997 bayan likitanta ya sa ta yarda cewa ta yi tsafi ta ci naman jarirai. Jihar Tekzas, da 'yan sandanta suka shekara kusan arba'in suna yi wa shaidu hifnosis, ta hana kotu karɓar irin wannan shaida a 2023.

Yanzu ɗauko wannan ka ajiye tsakanin Ƙaura Namoda da Zurmi. Mutum ya yi wata biyu a ɗaure a hannun 'yan bindiga a dajin Sububu ko Dumburum, an sayar da gona an karɓo shi. Tambayar farko da jama'a ke yi masa ita ce wa ya gani, wa ke kai musu mai da burodi, muryar wa ya ji. A ƙasar nan kalmar infoma in ta hau kan mutum ba ta jiran alƙali. A ce wani ya kwantar da wannan bawan Allah don ya “taimaka masa ya tuna”, ya ce, ka duba fuskar da kyau, ba ta yi kama da ta wane ba? Sunan da zai fito zai fito da rantsuwa da hawaye, mai faɗar kuma ba maƙaryaci ba ne, shi ma ya yarda. Kafin magariba an yi gawa.

Da na faɗi haka Malam ya gyaɗa kai, yana ganin na dawo gefensa. Sai na ce, “Allah gafarta Malam, to yarinyar da ake yi wa ruƙiyya, ana ta matsa mata da tambaya, wa ya aiko ka, wa ya aiko ka, har ta ambaci kishiyar uwarta ko wata tsohuwa a unguwa, ita fa?” Ban faɗi haka don musun aljanu ba, ko don rage darajar karatun Alƙur'ani ga marar lafiya. Amma mutumin da ke cikin firgici, an kewaye shi, mai iko na maimaita masa tambaya ɗaya da ke ɗauke da amsarta, zai ba da amsar da ake jira, ko a Montiriyal ko a Moriki. Waɗanda suka yi wayo a tsakiyar shekarun 1990 suna tuna Sumbuƙa, lokacin da 'yan matan makarantun sakandare a Kano suka riƙa faɗuwa bi da bi, ta wannan ɗaki ta ga ta wancan. Malam ya daɗe yana jan carbinsa, sannan ya ce malamin kirki ba ya gaskata aljani, domin maƙaryaci ne. Na ce to a nan shi da masanan Montiriyal sun haɗu.

Saura batun tsoro, wanda shi ne ciwon da ya fi yawa a yankinmu. Mata na zabura in murfin tukunya ya faɗi, magidanta na kwana da takalmi a ƙafa, yara na fitsarin kwance bayan sun daina. Ƙanena yana ganin a nan ma dabarar za ta taimaka, kuma gaskiya ne an yi amfani da ita ga sojojin da yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ya gigita. Amma su an janye su daga fagen fama kafin a fara. Mai wannan aiki yakan ce wa mutum ya tuno wurin da ya fi samun natsuwa, ya ce masa abin ya wuce, yanzu kana cikin aminci. Wane wuri mutumin ƙauyen Zurmi zai tuno, gonar da aka ɗauke shi a ciki? Kuma wa zai iya ce masa ya wuce? Kunnen da ke tashinsa in ya ji rurin babura da tsakar dare shi ne ya raya shi zuwa yau. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a duk Zamfara, an rufe kasuwannin mako, mutane suka koma dogara da kunnensu kaɗai. Hukumar lafiya ta duniya ma, a maganin firgicin da ke biyo bayan bala'i, wasu hanyoyin zama a tattauna ta sa a gaba. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, gwajin da aka buga a 2016 ya nuna abin na aiki. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. Irin waɗannan sun fi kama da abin da za mu iya. Kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya: a 2024 awon da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi da ma'aikatar lafiya a Shinkafi da Zurmi ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Uwar wannan yaro ta san abin da ke hana ta barci.

In aka ce in raba gardamar, zan ba ƙanena gaskiya a abin da suka fara musu a kai: babu aljani a bidiyon nan, kuma ma'aikacin jinyar da ya iya amfani da murya da kalma wurin wankin ƙuna, ko ɗinkin rauni, ko lallashin yaron da za a sa wa ruwa, ya fi wanda ya iya tsawa da dannewa kawai. A nan zan so a koya musu, a matsayin ƙari kan allura da ƙwaya, bayan an gano abin da ke kawo ciwon. Zan ba Malam gaskiya a batun ƙofa da amana, in kuma ƙara nawa sharaɗin da ya fi nasa tsanani: kada a taɓa amfani da abin don tono abin da ya wuce, kada a tambayi kowa suna.

Malam ya ce in har ƙofa a buɗe take, mijin mace ko uwarta na zaune, kuma duk kalmar da za a faɗa shi zai iya jin ta ya fahimta, ba zai hau mumbari ya hana ba, amma kuma ba zai ce a je ba. Ƙanena ya ce ya yarda. Sai Malam ya tambaye shi ko shi ya iya. Ya ce a'a, a waya yake gani, a makarantar jinya ba a koya musu ba. Aka kira magariba muka tashi. Washegari bai jira kunun tsohuwa ya huce ba ya tafi tasha, domin motocin Ƙaura a jere suke tashi, wanda ya makara kuma sai gobe.